Daga Kano zuwa bakin jirgin ruwa: yadda na tsara zamanmu a Roma

A takardar da kamfanin jirgin ruwa ya aiko mana an rubuta cewa daga Roma za mu tashi, amma a gefe da ƙananan baƙaƙe an ƙara sunan wani gari, Civitavecchia. Da na buɗe taswira sai na tarar garin yana bakin Bahar Rum ne, arewa maso yamma da Roma, nisan kusan kilomita 80 daga tsakiyar birnin. Ita Roma kogin Tiber ne ya ratsa ta, manyan jirage ba sa isa gare ta. Mu uku ne za mu yi tafiyar: ni, da uwargida, da Umma mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru. Jirgin kuma zai zaga ne daga can zuwa Palermo, da Malta, da Basalona, da Marsai, da Genoa, ya dawo inda ya taso. Tikiti yana hannu. Abin da ya rage shi ne yadda zan kwaso mutum uku daga Kano in kai su ƙofar jirgin nan a ranar da aka sa, cikin awannin da aka sa.

Jirgin ruwa ba motar tasha ba ne da za a ce wa direba ya ɗan jira, ga wani fasinja can yana zuwa. Da lokaci ya yi ake janye matakala. Wanda ya makara, shi zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinsa, idan ma kamfanin ya yarda ya shiga a can. Saboda haka daga baya na fara lissafi: ƙarfe nawa ake rufe ƙofar shiga ranar Lahadi, ƙarfe nawa ya kamata mu bar Roma, wace rana ya kamata mu sauka a Roma, wace rana za mu bar Kano. Daga Kano babu jirgin sama da ke zuwa Roma kai tsaye, dole a ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ko a bi ta Abuja a ratsa ta Istanbul. Duk tafiyar da ke da canjin jirgi tana da wurare biyu da abu zai iya lalacewa, ko mutum ya rasa jirgi na biyu, ko kayansa su tsaya a hanya. Baturen da ke tasowa daga Jamus yana iya sauka da safe ya shiga jirgin ruwa da rana, domin idan jirginsa ya ɓaci akwai wani bayan awa biyu. Mu idan namu ya ɓaci, sai gobe ko jibi. Na tsayar da cewa ranar Alhamis za mu sauka.

Maganar biza ce ta ƙara tabbatar mini da wannan shawara. Duk ƙasashen da jirgin zai tsaya suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe su, amma doka ta ce mutum ya nema a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta. Mai tafiyar jirgin ruwa yana wuni ɗaya nan, wuni ɗaya can, sai lissafin ya rikice. Kwanakin da za mu yi a Roma su suka raba gardama, Italiya ce ba tantama. Kuɗin biza Yuro 90 ne kowane babba tun daga watan Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, kuma na tabbatar tamu ta haɗa har da kwanakin da za mu yi a kan ruwa. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai wa 45, kuma samun ranar ganawa shi kansa yana cin lokaci, don haka ban yi wasa da shi ba.

Abu guda da nake so duk mai koren fasfo ya riƙe: ya nemi biza mai shiga da fita sau da yawa, ya kuma rubuta dalilinsa a wasiƙar da zai haɗa. Wasu jiragen da ke wannan zagaye sukan tsaya a Tunisiya, wasu na gabashin tekun sukan tsaya a Turkiyya ko Montenegro. Da zarar jirgi ya taɓa ɗaya daga cikinsu an fita daga Shengen ke nan, mai biza ta shiga sau ɗaya tasa ta ƙare. Ko da jadawalin bai nuna haka ba, iska ko wani dalili na iya sa a canja tasha, shi ya sa kamfanoni da yawa suke shardanta irin wannan biza. A ƙofar jirgi ake duba ta, kuma idan ba ta cika ba babu roƙon da zai yi aiki. Fasfo ma haka: Shengen wata uku take nema bayan ranar fita, amma kamfanin jirginmu wata shida ya ce. Na Umma yana gab da wannan iyaka, sai muka sabunta shi tun kafin mu shigar da komai.

Otal sai da na kama shi kafin biza, domin takardarsa tana cikin abin da ake nema. Na zaɓi irin kamun da ake iya sokewa kyauta har zuwa kwana kaɗan kafin ranar, duk da ya fi wanda ba a mayar da kuɗi tsada. Na kuma rubuta wa otal ɗin na roƙi su aiko da takarda mai ɗauke da sunayenmu mu uku kamar yadda suke a fasfo, domin wadda shafin intanet ya fitar sunana kaɗai ta nuna.

Zaɓen unguwa ya ci mini dare fiye da komai. Tsohon gari, wajen tsohon haikalin Pantheon da dandalin Piazza Navona, shi ne kowa ke yabo, kuma ya cancanci yabon. Sai dai lungunansa ƙanana ne, da yawa mota ba ta isa ƙofar otal, kuma an shimfiɗe su da ƙananan baƙaƙen duwatsun nan da ke karya tayar akwati, su kuma gajiyar da ƙafar tsoho. Unguwar Prati kusa da Vatican tana da faɗin titi da natsuwa, ga tashar San Pietro a kusa, inda jirgin ƙasan Civitavecchia ke tsayawa. Na daɗe ina kallonta. A ƙarshe Esquilino na ɗauka, tsakanin babbar tashar Termini da cocin Santa Maria Maggiore. Mutane suna kushe unguwar saboda hayaniya da 'yan sane a wajen tashar, kuma gaskiya ne sai mutum ya kula da aljihunsa. Amma mota tana tsayawa a bakin ƙofa, layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa biyu suna haɗuwa a Termini, sannan kasuwar Esquilino da ke kusa da Piazza Vittorio cike take da mahautan halal da masu sayar da shinkafa da kayan miya, mafi yawansu 'yan Bangladesh da Masar da sauran baƙi. Ga wanda zai ciyar da dattijuwar da ba ta saba da abincin Turawa ba, wannan ya fi kyan gini muhimmanci.

Kafin in biya sai da na aika wa otal ɗin tambayoyi, kuma ina ganin nan ne mutane suka fi yin sakaci. A Roma akwai masaukai da yawa da ake kira otal alhali hawa ɗaya ne a cikin tsohon gidan haya, babu mai tsaron ƙofa da dare, sai a turo maka lambar buɗe ƙofa ta waya. Na tambaya ko akwai ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana. Na tambaya ko akwai lifta, da girmanta, da kuma ko akwai matakala kafin a kai gare ta, domin tsofaffin gidajen can sau da yawa sai ka hau matakala bakwai ko goma kafin ka ga ƙofar liftar. Na tambayi banɗakin Umma, shin na tsayuwa ne ko kwamin wanka mai tsayin baki da sai an ɗaga ƙafa. Na roƙi ɗakuna biyu a jere, don kada dare ya yi tana nesa da mu. Sun amsa duka a rubuce, na buga amsar na ajiye. Abin da ban buƙaci tambaya ba shi ne ruwan tsarki: banɗakunan Italiya kusan duka suna da mazaunin wanke jiki a gefen masai, doka ce ta gine-ginensu tun 1975, kuma hakan ya sauƙaƙa mana sosai.

Jirginmu da asuba zai sauka, otal kuma ba ya ba da ɗaki sai ƙarfe biyu na rana. Ni da uwargida za mu iya ajiye kaya mu fita yawo. Umma bayan kwana a zaune cikin jirgi ba za ta iya ba. Na kama ɗakinta tun daga daren Laraba, na biya daren da ba za ta kwana ba, na kuma sanar da su a rubuce cewa sai da safe za mu iso, don kada su ɗauka ba mu zo ba su sayar da ɗakin. Uwargida ta ga kuɗin ta ce, "Abban yara, daren da babu kowa a ciki za ka biya?" Na ce mata safiyar nake saya. Duk abin da muka kashe a Roma babu wanda na fi gamsuwa da shi irin wannan.

Ana saura mako guda muka zauna haɗa kaya, nan ne muka yi doguwar magana da Umma. Ta riga ta sa an yi mata dambun nama, ta aika an sayo kilishi, ga man shanu a gora. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, waɗannan ba za su shiga ba." Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen waje, busasshe ne ko ɗanye, kuma idan aka kama ana kwacewa, ana iya cin tara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Babana, me zan ci a garin mutane?" Na ba ta labarin kasuwar da ke bayan otal ɗinmu. Yaji da busasshiyar kuka da garin kunu muka ɗauka. Ƙaramar butar lantarki da take dafa shayi da ita ma mun bar ta a gida, domin jiragen ruwa ba sa barin fasinja ya shiga da abin da ke zafi da lantarki, buta ko dutsen guga, saboda tsoron gobara. Otal ɗin ya yi alkawarin ba mu aron tasa. Na sayi kawunan soket irin na Turai mai ƙafa zagayayyu, domin namu mai ƙafa uku irin na Ingila ba ya shiga bangonsu. Magungunanta kuwa, da takardar likita mai sunayensu, da kayan sawa na kwana biyu ga kowa, duk a jakar hannu na sa su.

Mun sauka a filin jirgin Fiumicino gari bai gama wayewa ba. Akwatuna suka yi ta zagayawa har bel ɗin ya tsaya, babu babban akwatin uwargida. Na je teburin kayan da suka ɓata da ɗan tikitin da aka manna mana a Kano, aka cika takarda, aka ba ni lambar bibiya. Tambayar farko da ma'aikaciyar ta yi ita ce adireshin da za a kai shi, da kuma har yaushe za mu kasance a wurin. Na ba ta sunan otal, na ce har safiyar Lahadi. Washegari da yamma aka kawo shi. Da ranar shiga jirgin ruwa muka sauka, da akwatin nan sai dai ya bi mu daga tasha zuwa tasha, uwargida kuma ta yi mako guda da kayan kwana biyun da ke jakar hannu.

Daga filin jirgi zuwa gari akwai jirgin ƙasa na musamman, Leonardo Express, minti 32 zuwa Termini, Yuro 14 kowane mutum. Mu uku Yuro 42 ke nan, ga jan kaya. Tasin birnin Roma kuwa, farare masu tambarin hukumar birni a ƙofa, kuɗinsu ƙayyadadde ne zuwa ko'ina a cikin tsohuwar ganuwar Aurelian, lokacin da muka je Yuro 55 har da kaya. Bambancin bai kai a wahalar da gwiwar Umma ba. Tun a cikin zaure wasu suka tare mu suna cewa tasi, tasi. Na wuce su zuwa layin hukuma da ke waje, na kuma faɗi kuɗin da bakina kafin a sa kaya a but. A otal suka karɓi fasfo ɗinmu suka rubuta, domin doka ta wajabta musu kai sunan kowane baƙo ga 'yan sanda. Suka kuma tuna mini harajin kwana na birnin, wanda ba ya cikin kuɗin da na biya ta intanet: a otal mai tauraro uku Yuro 6 ne kowane mutum kowane dare. Umma ta yi sallar asuba, ta sha shayi, ta kwanta har azahar.

Ban cika kwanakin da yawo ba. Wuri ɗaya da safe, hutu da rana, ɗan tattaki da yamma idan ƙafa ta yarda. A kakar 2024 muka je, birnin yana ta gyare-gyaren shirin shekarar ibada ta Katolika ta 2025, an kewaye wurare da yawa da katako da ƙarafa, hanyoyi suna karkata. Tikitin Colosseum, tsohon filin wasannin Romawa, tun daga gida na saye shi, domin yanzu da sunan mutum ake fitar da shi da lokacin shiga, kuma ana neman shaida a ƙofa. Akwai lifta a ciki, da ita Umma ta hau bene ta leƙa filin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Ta daɗe tana kallo, ta tambayi ina mutanen da suka gina shi, ta karanto ayar da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Pantheon Yuro 5 ake biya lokacin da muka je, kuɗin shigar da aka fara karɓa a 2023. Ruwan sha kuwa ba mu saya ba, famfunan ƙarfe da ke zuba dare da rana a kan tituna ruwansu mai kyau ne mai sanyi.

Abinci yana son kula. Taliyar da Roma ta yi suna da ita, carbonara da amatriciana da gricia, duka da naman kumatun alade ake yin su, ko da ba a gan shi a sama ba. Cacio e pepe cuku ne da masoro kawai. Wasu burodin da kayan gashi ana sa musu kitsen alade, wasu miyar ana zuba musu giya. Na rubuta tambayoyina da Italiyanci a ƙaramar takarda ina nunawa, kuma ban ga wanda ya ɓata rai ba. Da dare kuwa gidajen abincin halal na unguwarmu muke zuwa, shinkafa da kaza da miya mai yaji, Umma ta barbaɗa nata yajin a kai.

Ranar Juma'a muka ɗauki tasi zuwa babban masallacin Roma, can arewacin birni a gindin tudun Parioli. Hukumar birnin ce ta ba da filin a 1974, Sarki Faisal na Saudiyya yana cikin manyan da suka ɗauki nauyinsa, aka buɗe shi a 1995, kuma yana cikin mafiya girma a Turai. Ginshiƙansa suna buɗewa sama kamar rassan itace, haske yana shigowa ta tsakaninsu. Mai ƙarfin ƙafa yana iya hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga Flaminio ya sauka a Campi Sportivi. Bayan salla harabar ta cika da masu sayar da abinci, Larabawa da 'yan Asiya da 'yan Afirka ta Yamma. Samun tasin dawowa ya ɗan yi wuya saboda wurin ba bakin babban titi ba ne, sai da na kira ta manhajar waya.

Saura babbar magana, wato yadda za mu isa Civitavecchia. Hanyoyi huɗu na auna tun ina Kano.

Jirgin ƙasa shi ne mafi arha, bai kai Yuro 10 ba kowane mutum, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, yana tsayawa a Ostiense da Trastevere da San Pietro kafin ya bi gaɓar teku ta Santa Marinella. Amma tashar jirgin ƙasan Civitavecchia ba a cikin tashar ruwa take ba. Sai an hau bas zuwa Largo della Pace, inda motocin jigila na kyauta suke kwasar fasinja zuwa gindin kowane jirgi, ko a sami bas mai zuwa kai tsaye. Kowane canji sauke kaya ne da ɗora kaya. Ga kuma yajin aiki, wanda a Italiya ba baƙon abu ba ne. Ana sanar da shi tun da wuri a shafin ma'aikatar sufuri, kuma a ranakun aiki akwai awannin da dole jirage su yi tafiya, shida zuwa tara na safe da shida zuwa tara na dare. Sai dai na ma'aikatan jirgin ƙasa yakan faɗo daga daren Asabar zuwa daren Lahadi, ranar da mu za mu tafi ke nan.

Hanya ta biyu bas ɗin kamfanin jirgin ruwan, wanda amfaninsa shi ne idan ya makara nauyin yana kansu. Namu daga filin jirgin sama yake tashi, kuma kuɗin kowane kai ne, komawa Fiumicino da kaya don a hau shi ba dabara ba ce. Ta uku ita ce a kwana a Civitavecchia daren ƙarshe. Ga wanda zai sauka ana gobe tafiya wannan shawara ce mai kyau, ya wuce can kai tsaye daga filin jirgi ya kwana yana ganin jirage. Mu kuwa kwance kaya da ɗaure kaya sau biyu, da sabon gado ga dattijuwa, ban ga ribarsa ba. Ta huɗu motar haya mai direba, irin masu lasisin da ake kamawa tun kafin rana. Kuɗinta ya haura Yuro 100. Na kama ta tun makonni kafin tafiya, da sharaɗin zan iya sokewa ana gobe, bayan na tambaye su abu biyu: ko motar za ta ɗauki mutum uku da manyan akwatuna uku, da kuma ko suna da izinin shiga cikin tashar ruwa har gindin jirgi. Ba kowace mota ke da wannan izini ba, marar shi a Largo della Pace zai sauke ka.

Duk da haka ranar Asabar da yamma na taka zuwa Termini ni kaɗai don in gani da idona. Jiragen Civitavecchia galibi daga layuka na 25 zuwa 29 suke tashi, can ƙarshen tashar, tafiya mai nisa a gefen layin dogo bayan an wuce duk sauran. Na yi ta ba kaya, na duba yadda matakalar shiga taragon take, na ga masu akwatuna suna kokawa da ita. Ga matashi mai jaka ɗaya hanya ce mai kyau, kada dai ya manta ya buga tikitin takarda a na'urar da ke bakin layi kafin ya shiga, in ba haka ba tara ce. Na dawo na aika wa direba saƙon tabbatarwa, da sunan jirgi da ƙarfe tara da rabi. Umma ta tambayi inda na je, na gaya mata. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Shirin zaune ya fi na tsaye."

A daren muka gama sauran. Rajistar shiga jirgi na riga na yi ta intanet, da hotunanmu da bayanan fasfo, aka ba mu lokacin isowa daga sha ɗaya zuwa sha ɗaya da rabi. Takardun da ake liƙa wa akwati, masu lambar ɗaki da hawa, ma'aikacin otal ya buga mana, ya ba mu abin maƙala takarda muka ɗaure su a hannun kowane akwati. Na biya harajin kwana tun da dare don kada safiya ta tsaya a kan lissafi. Na kuma duba katin dala, domin otal yakan riƙe wani abu a kai na jingina, jirgin ma zai riƙe nasa, kuma kuɗin da aka riƙe ba ya dawowa nan take.

Direban ya iso kafin lokaci. Safiyar Lahadi titi babu cunkoso, muka fita gari muka hau babbar hanyar A12, cikin awa ɗaya da kaɗan teku ya bayyana a hagunmu. Tashar tsohuwa ce ƙwarai, Sarki Trajan ne ya gina ta a farkon ƙarni na biyu, ga kuma ganuwar Forte Michelangelo ta ƙarni na 16 tsaye a bakinta. Girmanta sai wanda ya gani. Jirage da dama ne a jere ranar, kowanne a nasa dandamali, tsakaninsu tafiyar da ba a yi da ƙafa da kaya. A ƙofa direban ya nuna izininsa, muka nuna takardun shiga, aka faɗa masa lambar wurin da namu yake. Ya sauke mu taku kaɗan daga inda 'yan dako ke karɓar akwatuna.

Daga nan ba za ka sake ganin akwatinka ba sai yamma a ƙofar ɗaki, don haka jakar hannu ta zauna tare da mu: fasfo, magani, dadduma, caja. Keken tura marasa ƙarfi da na nema wa Umma ta fom ɗin kamfanin tun wata guda baya yana jiranmu, wani ma'aikaci ya tura ta, muka bi layi na daban. A teburin rajista matar ta buɗe fasfo ɗinmu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a shafin biza, ta duba kwanakin da wurin da aka nuna yawan shiga, ta kira wani ya sake dubawa. Fasfon Turawan da ke gefenmu ko buɗe shi sosai ba a yi ba. Komai namu ya cika. Aka ba kowa katinsa, wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗi, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha.

Kafin jirgi ya motsa sai da kowa ya je wurin taruwarsa na gaggawa aka duba katinsa, aka nuna yadda ake sa rigar ruwa. Wasu fasinjoji suna ta gunaguni. Ni ban ga abin gunaguni ba, domin daga wannan tasha ce jirgin ruwan Costa Concordia ya tashi ranar 13 ga Janairun 2012, ya bugi dutse a gefen tsibirin Giglio a daren, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka shiga a ranar ba a riga an yi musu wannan horo ba. Bayan haka ne aka gyara dokar duniya, ya zama dole a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Na nuna wa ma'aikacin wurin Umma, ya rubuta lambar ɗakinta cikin waɗanda za a zo a taimaka wa idan wani abu ya faru, domin a lokacin gaggawa ba a amfani da lifta.

Da muka koma ɗaki, tun wayata tana kama layin Italiya, na aika wa direban nan saƙo na ƙarshe game da ranar dawowa. Jirgin zai iso da sassafe, amma sauke dubban mutane yana ɗaukar awanni, shi ya sa tun farko na sayi tikitin komawa gida na dare. Muka tsayar da ƙarfe goma a gindin jirgi, daga nan kai tsaye zuwa Fiumicino, ya amsa da lambar motarsa.